Buhun Da Ba A Kwance Ba

Ajin yamma a Farfaru, bayan la'asar,
fanka ta mutu tun shekaranjiya,
mu arba'in a kan bencin mutum talatin,
kowa na fifita da littafi, zufa na kwararowa.

Malama Inno ta shigo da guntun alli biyu.
Ta ce, "Lissafin kasuwanci ya kawo ku,
riba da faɗuwa, ragi da la'adar dillali,
amma ba a ɗora jinka a kan ɗanyen gini.
Yau baya za mu koma, mu tone abin da kuka binne a sakandare,
mu ga me ya rage, me ya bi mantuwa."

Ta rubuta x. Gabana ya faɗi.
Harafin nan ya kore ni shekara shida da suka wuce,
na koma Kara, rumfar Baba Arzika,
ina ɗinke bakin buhu da basilla,
rigata duk warin albasa da tafarnuwa.

"Buhu ne da ba a kwance ba," in ji ta,
"da abu a ciki, ido ne bai kai ba tukuna.
Buhu uku, da dubu biyu na ɗan dako,
an biya dubu arba'in da bakwai.
Nawa buhu guda?"
Ba ta rufe baki ba na ce, "Sha biyar,"
aji duka sai waiwayowa.

"Ta yaya?"
Na sosa ƙeya. "Haka Baba ke yi.
A fid da na dako, saura a kasa uku."
Ta miƙo allin. "Ka yi da ka, zo ka yi da hannu."
Na isa gaban allo gwiwata na kaɗawa.

"Layi biyun nan na tsakiya sikeli ne.
Abin da ka ɗauke a dama, ɗauke shi a hagu.
Mai tauye gefe guda ya ci amanar awo,
a takarda ne ko a kasuwa."

Sahabi daga baya ya ɗaga hannu:
"Malama, an ce bashi in ya ninka bashi riba ne,
to ni ai na yi arziki ban sani ba!"
Ta bari dariya ta lafa, ta ce,
"Mutum uku na bin ka ɗari biyar biyar,
sai aka ɗauke maka duka ukun.
Aljihunka ya ci gaba ko ya ci baya?"
Sahabi ya yi tsit, yatsunsa na ƙidayawa.

A kan baka na sha kaye.
Lambar da ke waje baƙo ce a bakin zaure,
kowa na ciki sai ta ba shi hannu.
Na gai da na farko, na manta na biyu,
tambaya ta huɗu ta sha jan biro,
Malama ta rubuta a gefe: "Rage gaggawa."

Da dare a Mabera na buɗe wa Baba littafin.
Ya matso da fitila, ya sa yatsa:
"Wanga gicciye fa, mi shika nuhi?"
Na ce, "Abin da ba a sani ba tukuna."
Ya yi murmushi. "To rubuta shi gaban kuɗin albasa in damina ta kama,
ka ƙara wani gaban sunan Ige,
tun bara shika cewa gobe shina kawowa."

Na rubuta masa duka biyun.
Sannan na juya shafi, tambaya ta bakwai,
buhu biyu ne a cikinta, x da y, bakinsu a ɗinke.
Baba ya fara minshari, fitila na yin ƙasa,
na feƙe fensir, na laluba bakin zare,
a hankali nake kwancewa.